Maganin Zafi

A bazarar da 'yata ta fara rarrafe, ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da gadon baya da matsematsin cinya, har ba ka son kallonta. Ni kuwa hutun haihuwata ya daɗe da ƙarewa. Kullum da safe sai in goyo ta daga gidanmu na Tarauni, in tari adaidaita sahu zuwa Gyadi-Gyadi, in sauke ta wurin Inna, mahaifiyata, sannan in wuce aiki. 'Yar fari ce, don haka a gaban Inna ko sunanta ba na kamawa, balle in tsaya ina wani rarrashinta. Miƙa ta nake yi kamar saƙo, in juya. Inna ce mai ita. Ƙawata take ce mata, ta yi ta tsokanarta wai ta zo cinye mata tuwo da baki babu haƙori.

Aikina a ɗakin gwaji ne na wani kamfanin roba, masu yin fayif da tiyon ban ruwa da takalma. Idan na faɗi haka a gidan biki sai mata su ɗauka bokiti nake bugawa, ni kuma na gaji da bayani, sai in ce musu e, har da baho. Gaskiyar maganar, ita robar fayif raguwa ce a gaban wuta. Ba ta sarrafuwa sai an narkar da ita, kuma zafin da zai narkar da ita shi ne dai wanda zai fara ƙona ta. Ta yi ruwan ɗorawa, ta koma ruwan ƙasa, ta yi baƙi ƙirin, tana fitar da wani hayaƙi mai yaji da ke cin hanci, har ƙarfen injin ma bai bari ba. Shi ya sa ake zuba mata wata farar hoda kafin ta shiga inji, hodar ta riƙe ta har a gama. Mu kuma ba roba ɗaya muke narkarwa ba, gauraya muke yi, mai tauri da mai taushi, kuma kowane haɗi da irin halinsa. Nawa aikin shi ne in yanko ɗan guntun da bai fi ƙwayar shinkafa ba, in sa shi a wata na'ura mai ɗumama shi sannu a hankali tana auna nauyinsa, kwamfuta tana ja mini layi. Inda layin ya karye ya yi ƙasa, nan robar ta sare. Idan hodar ta kirki ce, sai zafi ya yi nisa kafin layin ya karye.

Hodar nan iri biyu muke da ita a lokacin. Akwai tsohuwar, mai dalma a ciki, akwai sabuwar da ake so a koma, mai zinki, irin abin da ake shafe kwanon rufi da shi. A ido ba ka raba su, dukkansu farare ne sol, masu laushi. Amma mai zinkin ba ta da wata illa ta a zo a gani, ita kuwa dalma guba ce marar gaggawa. Babba ma tana cinsa. Ƙaramin yaro kuwa ƙwaƙwalwarsa take nufa, kuma ba ta sa zazzaɓi ko kukan da za a ce yau ga shi an ga alama. Sunan hodar na Turanci dogo ne, babu leburan da zai karya harshensa a kansa. Maganin zafi suke ce mata, tunda zafi take yi wa roba magani. Ni ma da digirina, idan na leƙa wajen injina haka nake cewa: ku ƙara maganin zafi, kayan nan sun fara ja.

Wata ranar Juma'a aka tashe mu da wuri, na iso Gyadi-Gyadi la'asar ba ta yi sanyi ba. Na tarar da Inna a inuwar katanga a kan tabarma, yarinyar tana kan cinyarta daga ita sai ɗan kamfai, ta yi fari fat kamar an tsoma ta a garin tuwo. Har gashin girarta fari ne. Ta cusa yatsu biyu a baki tana tsotsa, tana ganina ta fara zillo.

Inna ta ce, "Kin ga ƙawar tawa ta yi fes? Ƙurajen duk sun bushe. Ku da hodarku ta kanti mai ƙamshin banza, ga maganin gaske nan."

Wani gwangwanin madara ne a gefen tabarmar, da ɗan tsumma a bakinsa. Na ɗauke shi kawai don in samu wurin zama. Wallahi hannuna ya riga ni ganewa. Hodar jarirai ba ta da nauyi, wannan kuwa rabin gwangwani ce amma ta ja hannuna ƙasa. Na kai hanci, babu ƙamshi ko kaɗan. Na murza tsakanin yatsuna, na ji wannan santsin mai maiƙo-maiƙo da na sani ta cikin safar hannu.

"Inna, a ina kika samo wannan?"

"Kawunki ne ya kawo. Daga wurin aikinku ma. Ya ce ku a can buhu-buhu kuke da shi, maganin zafi, amma ke da baƙar rowa ko ɗan cokali ba ki taɓa kawo wa yarinya ba."

Kawu ƙanin Inna ne, shi ke jan motar da ke ɗauko wa kamfaninmu kaya. Na ce, "Tun yaushe kike shafa mata?"

"Tun da zafin nan ya kankama. Kafin ki zo nakan yi mata wanka, don na san halinku na 'yan boko, komai sai kun yi ƙorafi. Yau ne 'yan garuwa ba su leƙo ba."

Ban san lokacin da na fizge yarinyar daga cinyarta ba. Ni da ban taɓa ɗaukarta a gaban Inna da sunan so ba, na rungume ta ina zare mata yatsu daga baki, ina kiran sunanta da ƙarfi, sunan da ba na faɗa. Inna ta saki baki. Ta ce, "Ke! Yau kuma rashin kunyar a gabana za a yi ta?"

Na ce, "Inna guba ce! Guba ce kike shafa mata! Na shiga uku na lalace!"

Babu ruwa a gidan sai na sha da ke randa. Na durƙusa a bakin rariya ina kamfato shi da moɗa ina sheƙa mata, ina cuɗa wuyan da sabulu, ina sa yatsa ina kwakule mata baki. Ruwan randa da sanyi, yarinya ta tsanyare da kuka har tana shiɗewa. Hodar kuma ba ta son ruwa, sai ta dunƙule ta manne a lungun kunne da ƙarƙashin farce. Ina wankewa ina tuna duk ranakun da na sumbaci wuyan nan, da duk ranakun da ta kama nono da wannan bakin. Inna tana tsaye a kaina da zani a hannu, ba ta ƙara cewa komai ba sai Innalillahi, Innalillahi, a hankali kamar mai tsoron kada a ji.

Babban asibitin koyarwa ba shi da nisa da gidan Inna. Ban tsaya jiran abin hawa ba, na saɓa ta a kafaɗa na tsallaka titi, masu adaidaita suna ta zagina, ɗaya har yana cewa Hajiya idan kin gaji da duniya ki bar mana yarinyar. Inna tana biye da ni, hijabinta a baibai. Gwangwanin kuwa na ƙulle shi a leda biyu na jefa a jaka.

Likitar da muka samu a ɓangaren yara matashiya ce mai sanyin murya. Ta saurare ni har na gama, ta duba idon yarinyar da dasashinta, ta latsa cikinta. Ta ce fata ba ta cika shan irin wannan ba, abin tsoron shi ne wanda ta lasa da wanda ta shaƙa. Sai ta tambaye ni, "Kin tabbata mai dalmar ce?"

Na ce iri biyu ne, kuma kamarsu ɗaya. Ta ce za su ɗebi jini, amma wannan gwajin ba a nan take ake samunsa ba, sai an aika an jira. Idan zan iya gano wace ce a gwangwanin, zai taimaka musu su san ta inda za su fara. Duk wannan maganar da ake yi, yarinyar ta manta da kuka, ta kama igiyar abin awon da ke wuyan likitar tana ja tana ƙyalƙyala dariya. Da a ce a galabaice take da na san abin da nake tsoro. Lafiyar nan tata ita ta fi firgita ni.

Kawu ya iso kafin magariba, babanta ma ya taso daga ofis. Na tare Kawu a barandar ɗakin da aka kwantar da yarinyar, ko gaisuwa babu.

"Kawu, daga wane buhu ka ɗebo? Mai jan rubutu ko mai kore?"

Ya cire hula ya mayar. Ya ce, "'Yar nan, ni ba daga buhu na ɗiba ba, ni ba ɓarawo ba ne. Wani ne ya yage a cikin mota ya zube, da aka sauke kaya na share na tara a leda. Na ga asara ce a zubar, ga jikata tana fama."

"Wanne ne ya yage?"

"Fari ne dai."

"Dukkansu farare ne, Kawu! Haba! Mutum da girmansa ya share bayan mota ya kawo a shafa wa jaririya? Ko kare ne ai a tambaya!"

Babanta ya riƙe mini hannu yana cewa ya isa, ya isa, mutane suna kallo. Kawu bai yi fushi ba, da ya yi da na ji daɗi. Idonsa ne ya kawo ruwa. Ya ce, "Maganin zafi na ji ana cewa. Ke ma da bakinki haka kike ce masa. Ni ina na san zafin roba daban, na mutum daban?" Na juya na koma ciki.

Yadda na kwana ba sai na faɗa ba. Gari na wayewa na bar Inna da babanta a wurinta, na nufi kamfani. Asabar ce, babu kowa a ɗakin gwaji, mai gadi ya buɗe mini yana tambayar ko lafiya. Na sa safar hannu da takunkumi, abin da yarinyata ba ta samu ba ko sau ɗaya. Na ɗebi ɗan mitsitsi na sa a na'urar nan tawa. Na san abin da zan nema: mai zinkin idan ta sha wuta yawancinta tafiya take yi, layin ya gangara sosai, mai dalmar kuwa nauyinta yana nan zaune, layin ya ɗan sauka ya tsaya. Amma na'urar ba ta san gaggawa ba. A hankali take hawa, kuma idan ka matsa mata ƙarya za ta yi maka. Na zauna ina kallon layin yana tafiya miƙe kamar babu abin da ya dame shi, na ji idan na ci gaba da zama zan haukace.

Sai na tuna wani abu da aka koya mana tun muna 'yan aji ɗaya a jami'a, abin da ko a jarrabawa ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Idan ka ƙone irin waɗannan har suka zama toka, da zafinsu dukkansu launi gare su, tsakanin ja da ruwan ɗorawa, ba ka iya rantsuwa. Sai sun huce suke faɗin gaskiya. Tokar zinki takan koma fara. Ta dalma kuwa tana nan ruwan ɗorawa, ko shekara za ta yi.

Na zuba cokali guda a ɗan kofin tangaran da muke ƙona kaya a ciki, na kunna injin zuƙe hayaƙi, na tura kofin cikin tanderu. Ta narke, ta yi baƙi, ta yi hayaƙi, ta cinye. Da na ga ta gama sai na sa awartaki na fito da shi. Na ajiye a kan bulo. Tokar ta yi jawur, tana komawa ruwan ɗorawa ta gefe-gefe.

To, sai jira. Ya Allah, ban taɓa sanin abu yana daɗewa bai huce ba sai ranar. Na tsuguna har idona ya yi daidai da bakin kofin. Ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ta shiga bayi ce, ban fasa ba. Na yi ta yi wa kaina ƙarya. Na ce ai nauyin gwangwanin ba hujja ba ne, gwangwanin ne mai kauri. Na ce ga shi can gefen ya fara haske, wallahi ya fara. Na matsa gefe in gani ko hasken taga ne, ashe shi ne. Na ɗauki kwali ina yi masa fifita kamar mai shayar da yaro koko. Na kawo bayan hannuna kusa, da sauran zafi, na ji daɗi, tunda da sauran zafi da sauran rai. Na ƙara jira. Na sake kawo hannu, ɗumi-ɗumi. Daga baya na kama kofin da yatsuna gaba ɗaya, na ji shi sanyi ƙalau kamar ba shi ya fito daga wuta ba.

Tokar tana nan ruwan ɗorawa, shar da ita.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban yi kuka ba, tsoron ya fi ƙarfin kuka. Can na jiyo na'urar ta yi ƙarar gamawa, na rarrafa na duba. Layin ya ɗan sauka ya tsaya cak a sama, yadda na sha ganinsa a ranakun aiki ina jin daɗi wai hoda ta yi kyau.

Na kira babanta na ce ya gaya wa likita mai dalmar ce. Sai ya ce ga Inna tana son magana. Ta ce, "Yaya? Wace ce?" Na ce, "Inna, mummunar ce." Ina jin numfashinta, a bayanta kuma ina jiyo yarinyar tana buga cokali a ƙarfen gado tana gwalantu.

Sakamakon jini da ya dawo ya nuna dalmar ta shiga jikinta, kuma ba kaɗan ba. Aka sa ta a kan wani magani mai wari da ke janyo dalmar ta fita ta fitsari, aka yi ta huda ta ana ɗibar jini har ta gane farar riga, tana hango ma'aikaciyar jinya za ta ƙanƙame ni. Ɗakin Inna muka kwashe shi tas, katifa da tabarmi da zannuwan goyo duk aka fitar, aka wanke daɓen da bango. Na bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko Inna ta sam wa wani. Ashe wata maƙwabciya ta roƙa, Inna ta hana, ta ce na ƙawarta ne ita kaɗai. A kamfani aka sa wa ɗakin ajiyar kwaɗo, aka tara direbobi da leburori aka yi musu bayani, ni kuma duk wanda na ji ya ce maganin zafi sai na yi kamar zan cinye shi ɗanye. Kawu bai ƙara cin abinci a gidan Inna ba har aka yi sallah, sai ya tsaya a soro ya aiko da gaisuwa.

Ranar da aka ce dalmar da ke jininta ta sauka, na tambayi likitar abin da ke cina. Na ce, "Likita, wadda ta riga ta kai ƙwaƙwalwarta fa? Ta taɓa ta ko ba ta taɓa ba?" Ta ajiye biro ta kalle ni. Ta ce babu gwajin da zai gaya mini wannan. Wasu yaran ba a ganin komai, wasu sai sun shiga makaranta, kuma ko an ga wani abu babu mai iya rantsewa daga nan ya zo. Ta ce in ci gaba da ba ta abinci mai kyau, in yi ta mata hira, in sa ido. Ni da nake cin abinci da na'urar da ke gaya mini daidai inda abu ya sare, aka sallame ni da in sa ido.

Na kuwa sa. Ta yi jinkirin magana, na daina barcin kirki, dangin babanta suna cewa ai shi ma haka ya yi. Da ta fara, sai na koma ƙirga kalmominta ina gwadawa da na 'ya'yan maƙwabta. Yanzu tana firamare. Tana da surutu, tana da tsiwa irin tawa, lissafi yana ba ta wuya, karatu kuma ba laifi. Idan ta manta inda ta ajiye takalminta sai dalmar ta faɗo mini a rai, alhali ni ma nakan manta nawa. Inna ta fi ni. Idan mun je Gyadi-Gyadi takan lallaɓa ta bayanta ta kira ta can ƙasa-ƙasa don ta ga ko za ta waiwayo, ko ta ce ƙawata zo ki biya mini Fatiha na manta, ko ta zube mata goro ta ce ƙirga mini. Tana yi tana dariya kamar wasa ne, amma ina ganin yatsunta suna murza bakin zani har yarinyar ta kai ƙarshe.

Kwanan baya muna zaune a tsakar gidan Inna, yarinyar tana kwance rub da ciki tana aikin makaranta. Ta rubuta wani harafi a juye, ta goge, ta sake rubuta shi a juye. Ban san na daina tsinke zogalen da ke gabana ba, ban san Inna ma ta tsayar da carbinta ba. Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ta dubi Inna.

Ta ce, "Umma, wai me ya sa ke da Inna kuke yawan kallona? Wani abu ne a jikina?"

Inna ta sunkuyar da kai. Na ce, "Babu komai, kyau kika yi mana. Yi aikinki."

Ta taɓe baki ta koma kan littafinta, mu kuma muka ci gaba da kallon hannunta.